Kafin a Kira Ta Juya, a Fara Gwada Maigida

A Gusau da Tsafe da Bunguɗu akwai hukuncin da ake yankewa ba a je gaban alƙali ba. Aure ya shekara biyu ko uku babu ciki, sai dangin miji su fara raɗe-raɗi: "Ai yarinyar nan juya ce." Uwar miji ta kira ɗanta ɗaki ta ce masa, "Ka ƙara aure tun da wuri, ba za mu zura ido gidanka ya mutu ba." Shi kuwa ba mai tambayar lafiyarsa, domin mun gaji wata magana mun riƙe ta gam, wai namiji ba ya juya, ba ya kuma tsufa. Wannan magana ƙarya ce. Ta zubar da mutuncin mata, ta kashe aure bila adadin, ta kuma hana mazan kansu maganin da zai iya warkar da su.

A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan mutum ɗaya cikin shida yana gamuwa da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa. Likitoci kuma sun daɗe da tabbatar da cewa a kusan rabin gidajen da abin ya shafa, akwai matsala ta wajen namiji, ko shi kaɗai ko tare da matarsa. To, leƙa ɓangaren mata na kowane babban asibiti ka gani. Mata ne a jere kan benci, kowace da katinta a hannu, wata ta taso daga ƙauye tun asuba. Za a ɗebi jininta, a yi mata hoton ciki, a tura mata ruwa cikin mahaifa don a duba hanyoyin ƙwai, gwajin da ke da zafi ga tsada. Idan likita ya ce ta zo da maigida, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ya ce shi lafiyarsa ƙalau."

Me yake nufi da lafiyarsa ƙalau? Yana nufin yana iya kusantar iyali. Nan ne babban ruɗin yake. Ƙarfin kwanciya daban, haihuwa daban. Ƙwayoyin haihuwar da ke cikin maniyyi ido ba ya ganin su, sai an ɗora a madubin likita. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya nuna cewa ƙasa da miliyan 16 a mililita ɗaya ƙaranci ne. Wani nasa suna da yawa amma ba sa motsi, wani kuwa babu ko ɗaya, alhali ƙato ne majiyi ƙarfi. Mai tallar maganin maza da ke cika tasha da lasifika ba zai taɓa gaya maka wannan ba, domin a jahilcinka yake cin abinci.

Abubuwan da ke lalata ƙwayoyin nan kuwa a gabanmu suke. Ciwon sanyi da aka sha masa kafso biyu a kemis aka bari yakan toshe hanyar maniyyi. Hangum idan ya kama namiji bayan ya balaga yakan sauka a maraina. Akwai kumburin jijiyoyin maraina, wanda ƙaramar tiyata kan gyara. Akwai tsargiya, da yara ke kwasa a wanka cikin gulbi da tafki, ga shi Kogin Sakkwato ya ratsa ta Gusau da Bunguɗu. Fitsarin jinin da wasu ke ɗauka alamar balaga ce, cuta ce da ke iya taɓa hanyoyin haihuwa. Ga sigari, ga tiramadol, ga ciwon suga, ga maganin feshi da ake zubawa a gona ba safar hannu ba takunkumi. Mu 'yan Zamfara kuma mun san gubar dalma: a 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dalmar nan tana rage ƙwayoyin haihuwar babban mutum, kuma har gobe samarinmu suna cikin ƙurar dutsen zinari. Manomin da shukarsa ta ƙi fitowa shekara biyu a jere yakan duba irinsa kafin ya sayar da gonar. Me ya hana mu wannan hankalin a cikin gida?

Wani zai ce, "Ai yana da 'ya'ya da uwargida." Ɗan da aka haifa shekara goma da suka wuce ba shaida ba ne kan lafiyar yau, domin ciwo yana iya shigowa a tsakani.

Sai batun tsufa. Gaskiya ne namiji ba ya da lokacin yankewa irin na mace, amma daga shekara 40 zuwa sama ingancin ƙwayoyinsa yakan riƙa raguwa. Binciken da aka yi a ƙasar Aisland a 2012 ya gano cewa kowace shekara da uba ya ƙara, ana samun ƙarin sauye-sauye kusan biyu a ƙwayoyin gadon da yake ba ɗansa. A 2018 masana na Jami'ar Stanford a Amurka sun duba haihuwa fiye da miliyan 40, suka ga 'ya'yan iyaye maza masu shekara 45 zuwa sama sun fi fuskantar zuwa bakwaini. Haɗarin ga kowane yaro ɗaya ba shi da yawa, dattawa da dama suna haifar lafiyayyu, amma akwai shi. Masu kafa hujja da Annabi Zakariyya, alaihissalam, su koma Suratu Maryam: shi da kansa ya lissafa tsufansa cikin abin da ya sa bisharar ta ba shi mamaki. Kuma wanda ya haihu yana da shekara 70 ya tambayi kansa wa zai riƙe yaron, a jihar da ta'addancin 'yan bindiga ya riga ya cika da marayu.

Ga mai tsoron rasa haihuwarsa kuwa, daskarar da maniyyi don gaba ba sabon abu ba ne. Tun 1953 aka fara samun ciki da shi a Amurka, yau kuma ana ajiye shi a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, kuma asibitocin haihuwa na Abuja da Legas suna yi. Amfaninsa na gaske yana ga wanda za a yi wa maganin daji ko tiyatar da ka iya kashe masa haihuwa. Malamai ma ba su bar mu cikin duhu ba. Muftin Masar, Shaikh Jadul Haƙƙ, ya halatta haɗa ƙwan mata da maniyyin mijinta a asibiti tun 1980, Majalisar Fiƙihu ta Duniya ta bi bayansa a taron Amman na 1986, da sharaɗin kada wani na uku ya shiga tsakani. Jumhurin malaman Sunna kuma ba su yarda a yi amfani da abin da aka ajiye bayan mutuwar miji ko mutuwar aure ba. Sai dai wannan hanya ce ta lalura da masu hali. Abin da talaka yake buƙata ya fi haka sauƙi nesa ba kusa ba.

Gwajin maniyyi ba allura ba yanka. Mutum ya ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai, a ba shi 'yar kwalba, ya miƙa ta ɗakin gwaji cikin awa ɗaya. Idan an ga matsala akan sake bayan wata uku, domin jiki yana ɗaukar kimanin wata biyu da rabi kafin ya ƙera sababbin ƙwayoyi. Gwaji ba abin tsoro ba ne: Jihar Kano ma ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a 2024, sama kuwa ba ta faɗo ba.

Saboda haka kira nake ga likitocin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Yariman Bakura a Gusau, da ɗaliban Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe, su nemi ganin mijin mai neman haihuwa tun ranar farko. Limamai su faɗi wannan a huɗuba. Iyaye mata su daina ɗora wa 'yar wani laifin da ba su bincika ba. Kai kuma maigida, idan shekara ta cika babu ciki, ka riga ta zuwa asibiti. Haihuwa ta Allah ce, amma kiran mace juya ba tare da ka gwada kanka ba zalunci ne, kuma za a tambaye ka.