Nasiha Ga Malamai Da Fatake A Kan Ɓurɓushin Roba Cikin Ruwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya ruwa abin sha da abin tsarki ga bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wannan magana ce a kan leda da roba, da abin da suke komawa bayan an jefar da su. Ana fuskantar da ita ga malamai masu karantarwa a zaure, da fatake masu zama a rumfa, domin su ne jama'a ke jin maganarsu, suna koyi da aikinsu.

Wanda duk ya bi ta Ƙofar Rini, ɗaya daga cikin ƙofofin birnin Sakkwato wanda Muhammadu Bello ya gina a shekarar 1809, in ya dubi magudanar ruwa zai ga abin da ake gani a kowace unguwa ta kowane birni na ƙasar Hausa a yau: baƙar leda da fara, da ledar fiya wata, da gorar lemo. In aka yi wa mutum magana sai ya ce ai damina na tafe, ruwa zai tafi da ita. Gaskiya ne ruwa zai tafi da ita, amma tafiya daban, ƙarewa daban. Ganyen da mutanen dā ke ƙunshe abinci da shi, da sakaina, da tsumman auduga, duka ƙasa tana cinye su su koma taki. Ita roba kuwa daga man fetur ake yin ta, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ganye ba su iya cin ta. Abin da ke samun ta shi ne rana ta gasa ta, ga kuwa ranar bazara ta Sakkwato wadda kan wuce daraja 40 a ma'aunin zafi, sai ta yi rauni ta dagargaje, ƙafar mutum da kofaton dabba da tayar mota su niƙe ta, har ta koma gari. Ido ya daina ganinta, alhali tana nan.

Wannan gari shi ne ɓurɓushin roba, Turawa na ce da shi maikurofilastik, watau duk guntun robar da bai kai milimita 5 ba, ƙasa da tsawon ƙwayar shinkafa. Wani malamin jami'ar Filimos ta ƙasar Ingila, Richard Thompson, shi ya yaɗa wannan suna a shekarar 2004, bayan ya iske abin cikin yashin bakin teku. A ƙarƙashinsa kuma akwai ƙurar roba, wadda suke kira nanofilastik, ita kuwa sai an raba kaurin gashin kai guda kimanin kashi 70 kana a kai ga mafi girmanta. Yawan abin yana bin yawan robar da ake yi. A shekarar 1950 duniya ta ƙera tan miliyan 2, a shekarar 2019 kuwa tan miliyan 460, kuma abin da aka sake narkarwa aka yi wani aiki da shi daga cikin sharar roba bai wuce kashi 9 cikin 100 ba.

To, ina ɓurɓushin Ƙofar Rini ya nufa? Ruwan da ya sauka cikin birni ƙarshensa gulbi. Gulbin Rima da gulbin Sakkwato suna haɗuwa a kusa da birnin, su bi ta Argungu, su faɗa Kwara, Kwara kuma ta kai teku. A bisa wannan hanya akwai fadamun da ake noman albasa da shinkafa, akwai masunta, akwai mashayar dabbobi. Har wa yau ba leda kaɗai ke haifar da shi ba. Tufafin zaren roba suna zubar da ƙananan zaruruwa duk lokacin da aka wanke su, tayar mota tana sududewa a kan kwalta, buhun roba yana zubar da gashinsa in ya tsufa. Mahauta kuwa sun riga kowa shaida, gama sun sha fasa tumbin saniya ko na akuya su iske dunƙulen leda a ciki, dabbar ta rame alhali ana ba ta abinci. Abin da mahauci ya gani da idonsa babba ne, ƙanƙanen shi ne wanda sai da dabara.

Dabarar kuwa ba baƙuwa ba ce ga unguwar da sunanta ke tuna rini. Marini ya sani auduga tana shan baba, zaren roba kuwa ba ya sha kamarta, saboda haka tsoma ƙyalle cikin karofi yakan tona asirin zarensa. Haka masana ke yi, sai dai su rininsu roba yake kamawa. Sukan ɗebi ruwa ko laka, su zuba wani magani mai cinye ganye da sauran abin da ke ruɓewa, su sa ruwan gishiri mai kauri don yashi ya kwanta roba ta taso, su tace da matata mai ƙanƙanan idanu. Sa'an nan su ɗiga wani rini da ake kira Jan Nilu, su haska shuɗin haske, sai kowane guntun roba ya riƙa ƙyalli a ƙarƙashin madubin likita, a ƙidaya shi. Da yake wannan rini yana kama maiƙo shi ma, ba su yanke hukunci da shaidarsa kaɗai. Sukan nemi shaida ta biyu daga na'urar da ke harba haske a kan guntun, domin kowane irin roba yana da yadda yake mayar da haske, kamar yadda kowane marubuci yake da hannunsa. Ɗaya daga cikin hanyoyin nan tana ɗauke da sunan Raman, wani masani Ba'indiye wanda ya gano asalinta a shekarar 1928.

Ga abin da awon ya nuna. A shekarar 2018 wata malama a jihar Niyok ta Amurka, Sherri Mason, ta auna ruwan gora 259 da aka sayo daga ƙasashe 9, har da Kenya, ta iske roba a cikin kashi 93 cikin 100, kimanin guntu 325 a kowace lita. A watan Janairu na 2024 masanan jami'ar Kolombiya suka zo da na'ura mai ganin ƙurar roba, suka ƙidaya kimanin guntu 240,000 a lita guda, kashi 90 cikin 100 ƙura ce wadda awon farko bai iya gani ba. A jikin ɗan Adam kuma, likitocin birnin Rum sun ba da labarin samun ta cikin mabiyiyar masu haihuwa a 2021. A 2022 masanan Amsterdam ta ƙasar Holan sun same ta cikin jinin mutum 17 daga 22. A 2024 likitocin Nafoli ta ƙasar Italiya sun bi majiyyata 257 da aka yi wa aiki a jijiyar wuya, 150 daga cikinsu an sami roba cikin kitsen da aka cire musu, kuma cikin kusan shekara 3 bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa sun fi samun waɗannan fiye da sauran ninki huɗu da rabi. Likitocin da kansu sun ce wannan haɗuwa ce aka gani, ba su yanke cewa roba ce sanadi ba. Amma mai hankali in ya ga sawun kura a bakin garke ba ya jiran ya ga kurar kafin ya gyara shinge.

A nan mas'ala ta zo ga malamai. Ɗalibin da ya karanta Ishmawi da Risala ya sani ana duban ruwa ta fuska uku, launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa, in ɗaya bai sāke ba, ruwa yana nan bisa tsarkinsa. Ɓurɓushin roba bai sauya ko ɗaya ba, saboda haka kada wani ya jefa wa jama'a waswasi cikin alwalarsu da wankansu. Sai dai babin tsarki daban yake da babin cuta. Shari'a ta hana mutum ya cutar da kansa ko waninsa, ta hana ɓata mashayar jama'a, ta kuma sanya lada ga kawar da abin cutarwa daga hanya. Ledar da aka jefa cikin magudana ta shiga waɗannan babobi tun ranar da ta toshe ruwa ya ci gidan maƙwabci, balle yanzu da aka san tana komawa cikin kifi da ruwan sha. Malaman wannan birni kuwa suna da magabaci, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littattafai a kan magani da lafiyar jiki, bai ɗauke su abin da ya fita daga aikin malami ba.

Wani zai ce, talaka fa? In aka tsoratar da shi daga fiya wata ina zai sha? Wannan tambaya tana bisa hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin bayaninta na 2019, ta nemi a ƙara bincike a kan ɓurɓushin roba, amma ta ce ƙwayoyin cuta masu kawo amai da gudawa su ne abin da za a fara yaƙa. Kwalara tana kisa cikin kwana guda. Saboda haka kada kowa ya bar ruwa mai tsabta cikin leda ya koma ga gurɓataccen kududdufi. Abin da ake nema ya fi wannan sauƙi.

Ga fatake da masu sana'a: kada a jibge buhunan fiya wata da gorunan ruwa a rana, a sa su inuwa, domin zafi yana gaggauta lalacewar roba. Kada a zuba koko ko kunu ko miya mai zafi cikin leda, kada a dafa alale cikinta, ga gwangwani ga ganye. Mai rumfa ya aje buhu guda don tara leda, ya bar ba mai sayen ashana guda leda guda, kuma ya yaba wa wanda ya zo kasuwa da kwandonsa. A gida a bar hura gawayi da leda, gama hayaƙinta guba ne, a koma ga randa da tulu da kwanon sha, waɗanda maginan tukwane da maƙera na ƙasar nan ke yi, kuɗinsu kuma a gida zai tsaya.

Ga malamai: kalma guda a bayan karatu ko cikin huɗuba ta fi sanarwar hukuma goma. Malamin da ya hana almajiransa jefa leda a ƙofar makaranta, ya sa aka tara ledar masu alwala a ƙofar masallaci, ya koyar da unguwa duka ba da dogon wa'azi ba.

Ga mahukunta: Ruwanda ta hana ledar cefane a 2008, Kenya a 2017, jihar Legas ta hana farar robar zuba abinci a 2024. Ƙasashen duniya sun yi alkawari a Nairobi a 2022 za su ƙulla yarjejeniya a kan roba, aka zauna a Busan a 2024, aka zauna a Janiba a 2025, aka tashi ba a daidaita ba. Sakkwato kada ta jira su. Ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana kusa da gulbi. Ya kamata a ba masananta kayan aiki su riƙa auna ruwan Rima da kifinsa da ƙasar fadama, rani da damina, a buga abin da aka samu da Hausa, boko da ajami, don manomi da masunci su san halin da suke ciki. A kuma sa wuraren tara leda a kasuwanni, a riƙa kwashewa tun kafin ruwan farko ya sauka.

Allah ya ba shugabanni ikon gyara, ya ba talakawa ikon bi, ya kiyaye ruwan wannan ƙasa ga 'ya'ya da jikoki, amin. Wassalamu.