Kullutun da aka cire, ina ya tafi?

Yau za mu leƙa ɗakin tiyata, inda ba kasafai ake ba ki labarin abin da ya faru kina cikin barcin allura ba.

Idan likita ya ciro kullutu daga mama, ko kaluluwa daga hammata, akwai wani gwaji na gaggawa da ake iya yi nan take. Mu kira shi gwajin dangwale. Ana tsaga naman, a dangwala wurin da aka yanka a kan ɗan siririn gilashi, kamar yadda kike dangwala yatsa ranar zaɓe. Ƙwayoyin halitta su manne, a zuba musu rini, likitan gwajin nama ya duba a madubin likita. Cikin kamar minti 20 ya faɗa wa mai tiyata ko ya ga alamar ciwon daji. Dabarar ba sabuwa ba ce, wasu likitoci biyu a Landan, Dudgeon da Patrick, suka bayyana ta tun 1927.

Amfaninta? Idan an ga dajin ya kai kaluluwa, ana iya ƙarasa aikin a lokaci guda, ba sai an sake kwantar da ke ba. Kuma ba ta buƙatar injin daskarar da nama mai tsada, abin da ke da muhimmanci a inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa.

Sai dai, 'yar'uwa, a nan nake so ki tsaya. Dangwale ƙwayoyi kawai yake nunawa, ba ya nuna yadda suka zauna a cikin naman. Yana iya kuskure daji ƙarami, kuma da wuya ya tantance ko ciwon ya kutsa cikin naman da ke kewaye. Hukuncin ƙarshe sai an jiƙa naman a ruwan fomalin, an yanka shi siri-siri, an duba. Wannan kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake miƙa wa dangi naman a roba su kai ɗakin gwaji, sai a binne shi, ko a jefar saboda kuɗin gwajin, tunda "likita ya ce babu komai". Wannan naman ba ya dawowa. Daga jikinsa ake gane irin sankarar, da ko maganin hana aikin sinadarin mata zai yi mata tasiri.

Kafin a sallame ki, tambayi wanda ya kai naman, wane ɗakin gwaji, karɓi lambar rasit, ki rubuta ranar da za ki koma karɓar sakamako.