Ƙona Littafi Ba Ya Kashe Cutar Da Ya Tona

A gidaje da makarantu da yawa na ƙasar Gaya da Ajingi, kamar sauran sassan Kano, ana yanke wa ƙagaggen labari hukunci tun kafin a buɗe shi. Ana masa kuɗin goro da sunan littafin soyayya, ana cewa shi ke ɓata tarbiyyar 'yan mata. Ɗalibar da aka gani da shi a ƙarƙashin filo, ƙwacewa ake yi. Wanda ya ce adabi zai karanta a jami'a kuwa, sai a tambaye shi me zai ci da shi. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma tarihin Rasha ya isa shaida.

Rashawa sun daɗe da gane cewa marubucin labari yakan faɗi abin da talaka ke tsoron furtawa. A 1852 Ivan Turgenev ya fitar da labarai game da manoman da masu gonaki suka mallaka tamkar bayi. Ya nuna su a matsayin mutane masu hankali da zuciya, kuma littafin na cikin abubuwan da suka sauya tunanin masu karatu kafin Sarki Alexander na Biyu ya 'yanta manoman a 1861. A 1962 Alexander Solzhenitsyn ya ba da labarin yini guda na wani fursuna a sansanin aikin tilas na zamanin Stalin. Gwamnati ta kore shi daga ƙasar a 1974, amma mutane suka ci gaba da kwafar haramtattun littattafai da tafireta suna miƙa wa juna a ɓoye. Yau masu nazarin tarihin Rasha ba sa tsallake waɗannan marubuta.

Adabin Hausa na zamani ma irin wannan aiki yake yi. A littafin Wa Zai Auri Jahila? Balaraba Ramat Yakubu ta kawo yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho. A Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990, ta nuna Rabi, wadda mijinta ya kora da 'ya'ya tara, ta koma sayar da abinci don ta ciyar da su. Ado Ahmad Gidan Dabino kuwa, a In Da So Da Ƙauna, ya tona yadda kwaɗayin dukiya ke raba masoya. Babu wata unguwa a Gaya ko ƙauye a Ajingi da za a ce ba a san auren dole da sakin wulaƙanci ba. Littattafan sun tarar da waɗannan matsaloli ne a cikin gidaje, suka rubuta su.

Duk da haka, a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona tarin littattafan Hausa a Kano. Bayan shekara biyar aka buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci a Indiya. Baƙi suna nazarin abin da masu shi ke ƙyama.

Gaskiya ne akwai littattafan banza a kasuwa, masu batsa da rubutun ganganci, musamman yanzu da ake yaɗa su ta WhatsApp ba tare da mai tacewa ba. Sai dai wanda bai koyi nazari ba, ba zai iya rarrabe tsaki da tsakuwa ba. Ƙwacewa tana tura yarinya ta karanta a ɓoye a waya, inda babu malami babu uwa.

Saboda haka ya kamata malaman Hausa na sakandaren Gaya da Ajingi su shigo da nagartattun littattafan nan cikin aji, a karanta su a fili, a tattauna wane ne azzalumi a labarin da abin da addini da al'ada suka ce a kai. Iyaye kuma su karanta littafin kafin su yanke masa hukunci.