Allurar wata tara: nan ne muke sakin hannun yaranmu

Ƴan uwa, a yau ina so kowane magidanci ya ce a miƙo masa karnen awon ƙaramin ɗansa, ya duba da idonsa. Sau da yawa layukan sama a cike suke: allurar tarin fuka da ɗigon shan inna bayan haifuwa, sai sati 6, sati 10, sati 14. Ka gangaro ƙasa, wajen wata 9, sai ka tarar da fili.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Daga sati 14 zuwa wata 9 kusan wata shida ne babu mai kiran uwa. Yaro ya yi ɓul-ɓul, ya fara rarrafe, aikin gona ya taso, an manta. Alhali a wata 9 ne ake yin ta dussa, wato ƙyanda, tare da ta shawara da ta sanƙarau. An zaɓi lokacin ne don kariyar da jariri ya gado daga jinin uwarsa ta fara ƙarewa. Kuma guda ɗaya ba ta kama kowa ba: cikin yara 100 wajen 15 ba ta kare su, shi ya sa ake komawa karo na biyu bayan an cika shekara.

Wani zai ce ai masu ɗigo suna zuwa har ƙofar gida. Wannan na shan inna ne kaɗai, malam. Bai tare dussa, bai tare mashaƙon da ya kwantar da yara a Matamai a 2023.

Amma ba zan ɗora wa mata laifin duka ba, wallahi. Kwalbar allurar dussa ta yaro 10 ce, in an haɗa ta kuma bayan awa 6 sai zubarwa. Don haka a wasu wurare sai a ce wa uwa yara ba su taru ba, ta dawo wani sati. Mace ta taka kilomita nawa da goyo cikin rana, ta bar daka, ta bar ɗiban ruwa, a ce ta dawo? Da wuya ta dawo. Gara a yi asarar rabin kwalba da a yi asarar yaron. Muna roƙon shugabannin likita su ba ma'aikata izinin buɗe kwalba ko don yaro ɗaya, su kuma sanar da ranar allura ta rediyon gari da masallatai.

Ku kuma maza, tun 2006 gwamnati ta ce kula da lafiyar ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ce. Abin da ya rage kuɗin kabu-kabu ne da izini, duka suna hannunku.

In lokaci ya wuce, kar kunya ta hana ku zuwa. Ba a sake farawa daga farko, daga inda aka tsaya ake ci gaba. A kai yaron wannan satin, kafin zafin bazara ya shigo, don lokacin ne dussa ke yawo gida-gida.