Kada A Sare Darbejiyar Nan

Maganar da ake ta raɗa ta fito fili. Ana son a sare darbejiya uku da mangwaron da ke filin bayan masallacinmu, a malala siminti, a jera shaguna, wai kuɗin haya ya riƙe masallaci. Mu dai ba mu yarda ba, kuma ba a bayan idon kowa muke faɗa ba.

Kada wani ya ce ba mu san daɗin shago ba. A kasuwa muke wuni, da ita muke ciyar da iyali. Amma ɗan limancin da muke taɓawa ya nuna mana abin da littafin haya ba zai nuna ba. Sau nawa aka kawo mana saurayi a ce a yi masa tofi? Ba ya barci, ya daina magana, abu kaɗan ya hau uwarsa da faɗa. Iyaye su ce aljanu ne, ko sammu. Mukan yi addu'a, mu ce a kai shi asibiti, don addu'a ba ta hana magani. Sannan mu tambaya, to ina yake wuni? Ɗaki ɗaya, mutum bakwai, rufin kwano, janareton maƙwabci yana ruri a bakin taga har asuba. In ya fito, hayaƙin acaba da hon ɗin motocin Mokola. In ya koma, waya a hannu har ido ya yi ja. Haba jama'a! Ko akuya aka ɗaure haka sai ta tsinke igiya.

Waɗanda suka taso a Arewa cikinmu sun sani. In ran yaro ya ɓaci, gona yake tafiya, ko fadama, ko ya bi dabbobi kiwo, kafin magariba zuciya ta sauka. Likitoci ma suna faɗa cewa motsa jiki a fili da zama cikin itatuwa na rage damuwa, suna gyara barci. Sabo ta haura shekara ɗari da kafuwa, mun gina masallatai da Islamiyyu, Alhamdulillahi, amma inuwar da muka gada kullum raguwa take yi.

An ce ai 'yan shaye-shaye ne ke taruwa a filin. Wanda ya faɗi haka bai zagaya unguwa da dare ba. Tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, kwalaben kuwa har yau ana tsintarsu, a lungu da kango, inda babu ido. Mai shan tiramol ba ya son inda dattawa ke shimfiɗa tabarma. In filin ya lalace, mu ne muka daina zama a cikinsa. A sa fitila da benci, mu koma.

An kuma ce ga Agodi Gardens nan kusa, ga gidan namun daji na Jami'ar Ibadan. Gaskiya ne, kuma a kai yara in an samu hali. Amma da kuɗi ake shiga, ba wurin zuwa kullum ba ne. Ɗan mai tura baro fa? 'Yan matanmu kuwa ko zancensu ba a yi, alhali da an tashi Islamiyya nan kaɗai suke samun minti goma su sha iska kafin su koma tsakar gida.

Mu da muke karantar da yara cewa wanda ya dasa itace yana da ladan sadaka duk lokacin da mutum ko tsuntsu ya ci daga gare shi, da wace fuska za mu kira mai injin sara da sunan masallaci?

In kuɗi ne matsala, a kawo takarda a yi karo-karo, da sunanmu za a fara. Akwai zama ranar Juma'a bayan La'asar, a ƙarƙashin darbejiyar. Kowane uba ya taho da ɗansa, a bar yaran su yi magana kafin mu.