Annoba Ba Ta Tsayawa A Gadar Ngeli



Maganarmu ta yau ta asibiti ce, amma kada wani ya ce ba ta shafi kara ba. Duk mai fataucin shanu tsakanin Cadi, Kamaru da Nijeriya bai manta da shekarar 2020 ba. Ran 19 ga Maris aka sami mutum na farko mai cutar korona a nan Injamena. Nan da nan aka rufe filin jirgi da kan iyaka, aka sa dokar hana fitar dare, aka ware asibitin Farsha domin masu cutar. Allurar riga-kafi kuwa ba a fara ta ba sai watan Yunin 2021.

Ba mu ga laifin hukuma ba. Ƙasar da in an raba, mutum dubu goma ba za su sami likita guda ba, me za ta yi da gaggawa in ba rufe ƙofa ba? Kuma abin yana da asali, don Sayyidina Umar ma ya juyo daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can. Sai dai mu da muka san hanya, mun san abin da ya biyo baya. An hana mutane bin gadar Ngeli zuwa Kusiri, amma wa zai sa wa kogi kwaɗo? Masu kwale-kwale suka samu kasuwa. A Nijeriya ma da aka hana tafiya tsakanin jihohi, an yi ta kama mutane ɓoye cikin tirelolin dabbobi. Wanda ya bi gada ana iya auna zafin jikinsa. Wanda ya bi ta bayan fage, sai dai a ji labarinsa.

To, ina mafita ga ƙasa mai ƙaramin ƙarfi? Amsar tana cikin garkenmu. Iyayenmu sun ga ciwon bushiya yana share garke kakaf. A 1962 ƙasashe huɗu, Cadi, Kamaru, Nijar da Nijeriya, suka haɗa kai suka bi shanu da allura har mashaya da burtali. Da aka yi sakaci sai cutar ta dawo a farkon shekarun 1980, aka sake ɗaura ɗamara, har a 2011 aka ba da sanarwar ta ƙare a duniya baki ɗaya. Ba a gina wa saniya asibiti ba, inda take aka je aka same ta.

Wannan dabara an gwada ta ga mutane a ƙasar nan. Bincike ya nuna shanun makiyaya sun fi 'ya'yansu samun allura. Saboda haka daga shekarar 2000, a Shari-Bagirmi da Kanem, aka riƙa tura likitan dabbobi da malamin asibiti cikin mota guda, da akwatin sanyi guda. Wannan yana yi wa shanu, wancan yana yi wa mata da yara. Jama'a suka fito, kuɗin aiki kuma ya ragu da wajen kashi 15 cikin 100. Lokacin korona ma, ɗakin binciken dabbobi na Bom, kusa da Jos, ya taya gwajin mutane.

Don haka kiranmu ga hukumomin lafiya na ƙasashen uku shi ne su shirya tun yanzu, don ba a fafe gora ranar tafiya. A ajiye malamin asibiti ranar kasuwa a Masaget, Durbali da Gamboru. A bar ƙofa guda a buɗe, ana duba mai shiga da mai fita, ya fi a toshe duka mutane su bi ruwa.

Mu ma akwai namu. Na ɗaya, kowace mota a rubuta sunan direba, yaran mota da masu kora, da inda suka fito. Na biyu, a daina ɗora fasinja a kan shanu, kuɗin ba su kai ran mutum ba. Na uku, kowace kara ta tanadi randa da sabulu daga aljihun ƙungiya. Na huɗu, yaron da zazzaɓi ya kama a hanya kada a ɓoye shi don gudun a tsare kaya. Mu da ba mu yarda a cusa mana saniya mai ɓauru cikin garke, yaya za mu kai ciwo gidan mai masaukinmu?

Daga nan Kabalaye har Maiduguri da Legas, ƙafarmu ta fi ta kowa yawo. In ba mu kai kariya ba, cuta za mu kai. Allah ya tsare mu da iyalanmu da dukiyarmu, amin.