Uche Okeke: Bashin da ke kan Kafanchan

Duk wanda ya bi titunan Kafanchan a yau, da wuya ya ga wata alama da za ta shaida masa cewa a garin ne ɗaya daga cikin manyan masu zane na Afirka ya tashi. Uche Okeke, wanda aka haifa a 1933 ya kuma rasu a 2016, ɗan asalin Nimo ne ta Jihar Anambra, amma a Kafanchan ya yi ƙuruciya, a nan kuma ya yi firamare a makarantar St. Peter Claver.

Daga baya ya shiga kwalejin Zariya wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. A 1958 shi da abokansa irin su Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya. Matsayarsu ita ce a koyi dabarun Turawa, amma a gina su a kan zanen gargajiya. Shi Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki. A ƙarshen shekarun 1950 ya buɗe wata cibiyar al'adu a Titin Ibadan da ke Kafanchan. Ita ce daga baya ta zama Cibiyar Asele ta Nimo.

Wasu ƙasashe ba sa barin irin wannan tarihi ya salwanta. A 1958 Meziko ta mayar da gidan Frida Kahlo gidan tarihi. Holan ta buɗe na Van Gogh a 1973. Amfanin gidan da aka keɓe wa mai zane guda shi ne mai ziyara yana bin rayuwar mutum daga farkonta, ya ga zanen ƙuruciya da kurakuransa, ya ga yadda hannu ya nuna a hankali. Yaron da ya zo daga Fadan Kagoma ko Kagoro ko Zonkwa zai fahimci cewa gwanin ma a aji irin nasa ya fara. Gani ya kori ji.

Za a samu masu cewa Okeke ba ɗan ƙasa ba ne. Wannan hujja ita ce ma dalilin da ya sa ya kamata a yi aikin. Jirgin ƙasa ne ya raya Kafanchan, ya tara ƙabilu daga kowace kusurwa ta Nijeriya. Yankin da ya sha fama da rikicin wane ne ɗan gida, wane ne baƙo, yana bukatar wurin da zai tuna masa da abin da zaman tare ya haifar.

Wasu kuma za su ce ana fama da rashin tsaro da talauci, ina zancen zane? Gaskiya ne, amma abin da ake nema bai fi ɗaki biyu ko uku da ma'aikaci mai kula ba. Ayyukansa na asali sun watsu, har zanensa Ana Mmuo na 1961 yana gidan tarihin Smithsonian a Amurka. Sai dai ana iya farawa da kwafe-kwafe masu inganci da hotuna da takardu, bisa izinin iyalinsa da Cibiyar Asele.

Nauyin yana kan Ƙaramar Hukumar Jama'a da Gwamnatin Jihar Kaduna, tare da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello. Masarautun yankin, daga fadar Sarkin Jama'a zuwa ta Kagoma, suna da bakin da za a saurara. Matakin farko ba ya bukatar kasafi mai yawa: a gano gidan Titin Ibadan, a kafa masa allo, a naɗi bayanan dattawan da suka san Okeke tun suna raye.